Wuri, Gado da Hatimi: Tsoffin Makarantun Lissafi a Ƙasar Hausa

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin mutane da yawa, iyaye da malamai har da ɗaliban kansu, wai lissafi baƙo ne a ƙasar Hausa, Bature ne ya zo da shi tare da baƙin allo da alli, shi ya sa har yau yaranmu ke gudunsa. Maganar tana da daɗin faɗa domin tana sauke wa kowa nauyi: malami ya ce yaran ne ba su da kan abin, yaro ya ce ai ba gadon gidansu ba ne. Tarihi kuwa bai goyi bayanta ba. Tun kafin Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, akwai wurare uku da ake koyon lissafi da gaske a ƙasar nan: kasuwa, da zauren rabon gado, da ɗakin malamin hatimi. Biyu na farko a bainar jama'a ake yin su, a gaban mutanen da ke da ikon cewa an yi kuskure, kuma sun rayu sun yi ta haifar ƙwararru har gobe. Na ukun ya fi su zurfi nesa ba kusa ba, amma a ɓoye ake yinsa, kuma ɓoyon nan ne ya hana shi yaɗuwa. Ina ganin wannan bambanci ya fi kowace dabarar koyarwa ta zamani bayyana mana dalilin da ya sa lissafi ke shiga kan wani yaro ya ƙi shiga kan wani.

A fara da kasuwa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Ɗan ƙaramin ƙoƙon katantanwa ne da ake tsamowa a tekun tsibiran Maldif, can kudu da Indiya, ya ratso duniya ya zama kuɗin Kurmi da Katsina da Zariya. Wahalarsa ita ce ƙarancin daraja, sai an tara dubbai kafin a sayi doki ko riga ta kirki. A garuruwan bakin teku akan huda shi a zura a zare, amma a nan a warwatse yake, ba makawa sai an ƙirga. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, ya tarar da wani attajiri abokinsa yana fama da ƙirgar wuri 500,000, mutum biyar ko shida suna taya shi. Yadda ake yi shi ne mai ƙirga ya zube wurin a gabansa ya riƙa jan biyar-biyar da yatsu. Biyar sau huɗu hauya ke nan, wato 20. Hauya goma tsibi guda na 200. Tsibi biyar 1,000. Dubu ashirin kuma a ɗure a jakar tabarma, ita ce keso. Barth ya lura cewa ko daga gidan mai gari jakar ta fito, ba wanda ke karɓa sai an kwance an sake ƙirgawa. A Kano a shekarar nan wuri 2,500 ne ke sayen liyari guda na azurfa. Ke nan aikin da attajirin Tasawa ya yi ranar nan keso 25 ne, kwatankwacin liyari 200, kuma yatsun masu ƙirga sun ja biyar-biyar sau 100,000.

Mai musu zai ce ai wannan ƙirga ce kawai, ɗan shekara bakwai ma zai iya. To amma a dubi abin da hannun mai ƙirga ke koya wa kansa. Ba ya kallon 500,000 a dunƙule. Yana ganin ƙananan tsibi cikin manyan tsibi, kowane mataki da ƙimarsa, kuma wannan shi ne ainihin abin da malamin firamare ke shan wahalar cusa wa yaro in ya zo kan gidan ɗaiɗai da gidan gomomi da gidan ɗaruruwa. In wani ya katse shi da gaisuwa ba ya komawa farko, tsibin da ke ƙasa ne ke riƙe masa lissafi. In gardama ta tashi, tsibi ɗaya ake rushewa a sake, ba dukan aikin ba. Sannan ciniki ba ya tsayawa a ƙirga. Dillali zai cire la'adarsa, fatake za su kwatanta kuɗin goro a Gwanja da kuɗinsa a Kano su cire na fito da na abincin jakuna da abin da zai lalace a hanya, mai canji zai juya wuri zuwa azurfa ya juyo. Da tsakiyar ƙarni na 19 ta wuce, 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jibgo wani wuri mai araha daga Zanzibar ta bakin teku, darajar kuɗin ta yi ta faɗuwa, adadin da ake juyawa a kowane ciniki ya yi ta hauhawa, kawunan 'yan kasuwa kuma suka ɗauka. Duk a ka ake yin wannan, kuma a gaban wanda zai yi asara in an kuskure. Yaron da ke zaune gefen tabarmar ubangidansa da kallo yake farawa, sai a tura masa ɗan tsibi ya gwada, a sake ƙirgawa a kan idonsa. Kuskurensa nan take yake fitowa fili, nan take a gyara.

Shaidar ƙarfin wannan makaranta ita ce yadda ta haɗiye kowane sabon tsarin kuɗi da aka kawo mata. Da Turawa suka kawo nasu, sai ga anini goma a kwabo, kwabo goma sha biyu a sule, sule ashirin a fam, ga taro da sisi da nai a tsakani, tsarin da ya wahalar da 'yan makarantar Ingila kansu, amma mai ƙosai ta riƙe shi ba tare da ta taɓa alƙalami ba. A ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo ɗari suka maye gurbinsa, kasuwa ta juya. A Maradi da Damagaram kuwa har yanzu da dala ake ƙirga kuɗi, dala guda sefa biyar, saboda haka abin da aka rubuta 100 a jikinsa dala ashirin ne a baki, na 1,000 kuma jika, dala metan. Mai tebur a can yini yake yana raba lamba gida biyar yana ninka ta sau biyar, ba ya ko ɗaga kai. Haka mata a cikin gida: uwar adashi tana riƙe da zubin kowa da ranar kwasar kowa, ƙawayen biki kuma suna bin tsohuwar ƙa'idar ninki, wadda aka kawo wa goma ta mayar da ashirin, a mayar mata da arba'in, har nauyin ya yi yawa a sauko a sake farawa. Ko dara da ake bugawa a gindin bishiya tana cikin wannan sahu: gurbi talatin, layi biyar a shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin wasansa. Mai bugawa sai ya hango motsi uku ko huɗu a gaba, 'yan kallo kuma ba sa yin shiru, kowane kuskure sai an yi ta maimaita shi ana tsefewa bayan an tashi.

Makaranta ta biyu ta malamai ce, kuma a nan lissafi ya shiga takarda. Almajirin da ya yi nisa yakan haddace abajada, tsarin da ke bai wa kowane harafin Larabci lamba. Wanda aka bi a ƙasar Hausa na Magariba ne, inda shinun ke matsayin 1,000, saɓanin na Gabas inda gainun ke da wannan matsayi, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna ta wace hanya karatun ya biyo ya iso mu. Da shi marubuta waƙoƙin wa'azi ke sa ramzi a ƙarshen waƙa, su dunƙule shekarar da aka gama ta cikin kalma guda. Mai son rubuta 1218, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, zai haɗa shinun mai 1,000 da ra mai 200 da ya mai 10 da ha ƙarami mai 8, mai karatu kuma ya warware ya tara. Wasan ƙwaƙwalwa ne sosai, kuma an yi ƙarnuka ana yinsa. Malam Abdullahi na Gwandu, a littafinsa Ida'un Nusukhi inda ya lissafa malamansa da abin da ya ɗauka a wurin kowa, ya ambaci hisabi cikin fannonin da ya koya a wurin yayansa Shehu. Dole ne ma a koye shi, domin zakka ba ta fita sai da shi: tunkiya ɗaya cikin 40, biyu in sun kai 121, ɗan maraƙi cikin shanu 30, ɗaya bisa goma na hatsin da ruwan sama ya shayar, rabin haka in da wahalar ban ruwa aka noma shi, ɗaya bisa arba'in na zinariya.

Inda abin ya yi zurfi shi ne rabon gado. Ɗalibin da ya bi Ahalari da Ishmawi da Iziyya ya iso Risala ta Ibn Abi Zaid zai tarar da babin gado yana jiransa, in ya kai Muhtasar na Halil kuma da shi littafin ya rufe. Kason da Alƙur'ani ya yanka shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Aikin farko na mai rabo shi ne ya nemo asalin mas'ala, wato ƙaramar lambar da dukan kason magada za su fita daga cikinta ba tare da ɓari ba. A ɗauki mutumin da ya rasu ya bar mata ɗaya da ɗa namiji da 'ya mace. Matar tana da sumuni, saboda haka asali 8 ne, ta ɗauki 1, saura 7. Namiji yana da rabon mata biyu, ke nan kawuna uku ne za su raba 7, ba ta rabuwa. Sai malam ya ninka 8 sau 3 ya sami 24: mata 3, ɗa 14, 'ya 7. In magadan rukuni-rukuni ne, kowane rukuni da ɓarinsa, sai ya duba dangantakar lambobin: daidai suke, ko ɗaya tana shiga cikin ɗaya, ko sun yi tarayya a wani kaso, ko ba abin da ya haɗa su. Kowace fuska da yadda ake bi da ita. Ɗalibin sakandare da ke neman lambar da za ta haɗa masa ƙasan kaso biyu kafin ya tara su, wannan aikin yake yi da wani suna. Ba abin mamaki ba ne, domin al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820 zamanin Halifa Ma'amun, ya keɓe babban yanki na ƙarshen littafin ga mas'alolin gado da wasiyya.

Mas'alar da malamai suka fi son jefa wa ɗalibi ita ce wadda kason ya fi dukiyar yawa. Mutum ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uwa, da uba. Asali 24 ne. Mata tana da sumuni, 3. 'Ya'yan suna da sulusi biyu, 16. Uwa sudusi, 4. Uba sudusi, 4. In an tara, 27 ake samu daga cikin 24. Ɗalibin da ya fara cin karo da wannan yakan ɗauka ya yi kuskure ya koma farko, ya sake samun 27. Maganin shi ne auli, wanda aka fara aiki da shi zamanin Sayyadina Umar: a raba dukiyar gida 27, kowa ya ɗauki adadinsa, ragin ya faɗa kan kowa gwargwadon rabonsa, sumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Ana kiran wannan mas'ala Minbariyya saboda ruwayar da ta ce an tambayi Sayyadina Ali ita yana kan mumbari ya amsa nan take. Abin lura shi ne yadda ake koyar da fannin. Da mas'ala ake farawa, mutum ya rasu ya bar wane da wance, ɗalibi ya yi ta kokawa, daga baya ƙa'ida ta zo ta same shi yana buƙatarta. Kuma yana sane da cewa ranar da zai yi rabon gaske, a gaban alƙali da magada da shaidu zai yi shi, a kan gonar da kowa ya san iyakarta da shanun da kowa ya san yawansu. In jimilla ba ta fita ba, marayan da aka rage wa yana zaune a wurin, kawunsa ma yana nan. Wannan ido na jama'a shi ya riƙe fannin da rai, har yau ana karantar da shi a zaure da makarantun Islamiyya, ana buga littattafansa da Hausa, ana amsa tambayoyinsa a rediyo.

Makaranta ta uku tana da gwarzo wanda sunansa ya tsallaka hamada. Muhammad ɗan Muhammad al-Fullani al-Kashinawi mutumin Katsina ne, ya rayu daidai lokacin da wuri ke shigowa kasuwanninta. Cikin malamansa akwai Muhammad al-Wali na Bagirmi. Wajen 1730 ya tafi hajji, daga nan ya zauna a Alƙahira, inda wajen 1732 ya kammala littafinsa Bahjatul Afaƙi a kan ilmin haruffa da wafaƙi, abin da mu ke kira hatimi. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, wanda shi kansa babban masanin taurari da lissafi ne a Masar, kuma ɗan Hasan ɗin, Abdurrahman al-Jabarti, ya sa tarihin Bakatsinen cikin shahararren littafinsa na tarihin Masar. A tsaya a kan wannan kaɗan. Alƙahira a lokacin tana da Azhar, malamai sun cika ta maƙil, amma mutumin da ya yi karatunsa a Katsina da yankin Tafkin Chadi ya isa can da abin da masanan garin suka ga ya cancanci a zauna a saurara. Irin wannan ba ya tsirowa a fako. Akwai zauruka a ƙasar nan da suka shirya shi.

Mene ne hatimi in an cire masa komai an bar lambobi? Murabba'i ne mai gidaje, a zuba lambobi a jere daga 1, ta yadda kowane layi na kwance da na tsaye da na kusurwa zuwa kusurwa zai ba da jimilla guda. Mafi ƙanƙanta mai gida tara ne: layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Ta ko'ina aka bi 15 ne. Me ya sa 15? Domin 1 zuwa 9 in an tara 45 ne, layi uku kuma za su raba ta daidai. Me ya sa dole 5 ta zauna a tsakiya? Layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimillarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, na tsakiya kuwa sau huɗu, ke nan rarar 15 da ke tsakanin 60 da 45 ita ce lambar tsakiya sau uku. Wannan hujja ce cikakkiya, irin wadda ake kira lissafi a ko'ina a duniya, kuma ɗan aji shida zai iya gano ta in an ba shi lokaci. Malaman wafaƙi sun san hanyoyin gina kowane hatimi mai layukan mara, kuma a kan irin waɗannan Bakatsinen ya yi bayani. Ga ɗaya daga cikin tsoffin hanyoyin: a sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya, a riƙa gangarawa ta kusurwa zuwa ƙasa da dama, in an fita ta ƙasa a shigo ta sama, in an fita ta dama a shigo ta hagu, in an tarar da gida a cike, a sauka gida biyu ƙasa a layin da ake. Mai karatu ya gwada da gida tara zai ga hatimin da ke sama ya fito. Ya gwada da layi biyar zai sami 65 ta kowace fuska, da bakwai 175, da tara 369. Hanya guda tana aiki ga lambobi marasa iyaka, kuma wanda ya tambayi dalilin haka ya riga ya sa ƙafa cikin babban lissafi.

Ga babbar ƙorafi, kuma ba ta wasa ba ce: ai hatimi kayan tsibbu ne, a laya ake naɗe shi, yaya za a kira shi ilmin lissafi, balle a kai shi aji? Gaskiya ne al-Kashinawi ya yi imani da asirin haruffa da lambobi, ɗayan littafinsa ma, ad-Durrul Manzum, a kan sihiri da ɗalasimai da taurari yake. Gaskiya ne kuma malamai irin su Shehu Usmanu sun soki duba da bugun ƙasa da kakkausar murya, kuma ba na neman a sassauta wannan suka. Amma abu biyu ne aka ɗaure da igiya ɗaya, kuma suna kwantuwa. Abul Wafa al-Buzajani, wanda ya rasu a Bagadaza a 998, ya yi rubutu a kan gina waɗannan murabba'ai a matsayin lissafi tsantsa. Daga baya ne, musamman ta hanyar littattafan da ake jingina wa al-Buni a ƙarni na 13, amfani da su a matsayin kayan asiri ya yaɗu. A Turai ma Johannes Kepler, wanda ya gano ƙa'idojin tafiyar duniyoyi kewaye da rana, yana duba wa manya taurari don ya ci abinci, kuma ba wanda ya yar da ƙa'idojinsa saboda haka. Cewa layukan nan takwas kowanne 15 ne gaskiya ce da ba ta dogara da niyyar wanda ya zana su ba. Malamin da ya zana gida tara a allo ya ce yara su cika, tarawa da tunani yake koyarwa.

Illar da tsibbu ya yi wa fannin ta wata fuska ce, kuma ita ce zuciyar wannan magana. An ruwaito shawarwari biyu daga littafin al-Kashinawi. Ta farko ita ce kada ɗalibi ya yanke ƙauna in abin ya ƙi fita, ya dage ya yi ta maimaitawa, domin barin aiki a tsakiya ba ɗabi'ar ma'abota fannin ba ce. Babu malamin lissafi a yau da zai ƙara wani abu a kan wannan. Ta biyun ita ce a yi aikin a asirce, kada a baza shi ga kowa. Shawara ta biyu ta cinye ta farko. Ilmin da ake bayarwa a ɗaki, ga almajiri ɗaya da ya yi shekaru yana hidima, yana raguwa a kowane zamani, domin malam yakan mutu da wani yanki a cikinsa. Abin da ya yaɗu a hannun jama'a shi ne hatimin da aka riga aka cika, a kwafa daga kundi zuwa kundi, hanyar ginawa kuwa ta maƙale a wurin 'yan kaɗan. Mai kwafa in ya juya lamba ɗaya ba wanda zai kama shi, tunda ba magajin da zai tashi ya ce an rage masa, shi ya sa akan ga hatimi a tsohon kundi wanda jimillarsa ba ta fita. Sunan Bakatsinen ma sai da ya dawo mana ta hannun masu bincike: Hassan Gwarzo ya yi rubutu a kansa a 1967, Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky kuma ta gabatar da hatimansa ga malaman makaranta na duniya a littafinta kan lissafin Afirka a 1973. Da a zaure aka karantar da hanyoyinsa kamar yadda aka karantar da auli, da wata tambayar ta haifi wata, da wani ɗalibi ya nemi na layukan cika, da wani ya nemi dalili.

Kada a ɗauka ina cewa dā ta fi yanzu. Waɗannan makarantu uku ba su kai ga kowa ba, ba su haɗu sun zama fanni guda mai hawa-hawa ba, kuma mai ƙirga wuri bai san abin da mai rabon gado ya sani ba. Makarantar boko ta zo da alheri na gaske: lambobi goma har da sifiri a hannun kowane yaro, littafi bugagge mai araha, hanya a rubuce a allo inda aji duka ke gani, da fannoni irin su awon fili da kusurwa waɗanda kasuwa ba za ta taɓa koyarwa ba. A ƙa'ida ita ce ƙarshen ɓoyo. Makarantun elementare na farko ma da Hausa suke koyarwa, Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 kuma ta fitar da malamai da suka san aikinsu. Inda aka yi tuntuɓe shi ne lokacin da aji ya koma wurin da yaro ke rera jadawalin sau da harshen da bai ji ba, ya kwafi hanyar da aka riga aka cika daga allo zuwa littafi, ya haddace ta don jarrabawa ba tare da an taɓa tambayarsa dalili ba. Yarinyar da ke ba da canjin naira dubu a tallan gyaɗa ba tare da kuskuren kwabo ba, ita ce ke zaune shiru a aji an ce ba ta iya ɗebewa. Abin da ke gabanta a allo ya zama hatimin da ake kwafa, ga shi a fili amma a rufe.

Za a ce jarrabawa da Turanci ake yinta, jami'a ma haka, saboda haka koyar da lissafi da Hausa da misalan gado da dala ɓata wa yaro lokaci ne. An gwada wannan zargi a aikace. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukan darussan firamare, har da lissafi, da Yarabanci na shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi guda a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su koma baya ba, ko a Turancin ma. Nijar ta buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, manufar ilmi ta Nijeriya ta 1977 kuma ta amince a fara karatun firamare da harshen uwa ko na yankin, sai dai rashin littattafai da horar da malamai ya sa abin ya fi yawa a takarda. Game da ɓata lokaci kuwa, a duba abin da ke cikin misalan. Mas'alar 27 ɗin nan ta ƙunshi tara kaso masu ƙasa daban-daban, da nemo lambar da ta haɗa su, da rabo gwargwado, abubuwa uku da ke cikin manhajar ƙaramar sakandare. Juya sefa zuwa dala jadawalin biyar ne gaba da baya. Hatimi mai layi biyar tarawa ce sau goma sha biyu da yaro zai yi da son ransa don ya ga ko 65 za ta fito, kuma in ba ta fito ba, na kusa da shi zai karɓi takardar ya nemo gidan da aka kuskure.